Tsokaci a kan Darussan Ingilishi da Insha'i da Adabi a Kolejojin Tasawa da Mayahi

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Maris na 2025 aka zartar da Kundin Sake Gina Ƙasa na Jamhuriyar Nijar. Sashe na 12 na wannan kundi ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kafin wannan rana, Ingilishi darasi ne kawai cikin darussan koleji da lise, wanda ɗalibi yakan yi don ya sami maki a jarrabawa. Yanzu kuwa doka ta ɗaga shi ya zama harshen da za a iya gudanar da aikin hukuma da shi. Tun da haka ne, ya wajaba masu bincike da masu tsara manhaja su sake duba hanyar da ake bi wajen koyar da shi, kafin a zuba kuɗi a buga sababbin littattafai a kan tsohon tsari.

Wannan maƙala tarke ce a kan darussa uku da suke tafiya tare a ajin Ingilishi, wato nazarin harshe, da insha'i, da adabi. An ɗauki gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a matsayin ma'auni. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa an gina darussan nan a kan zaton ɗalibi ya riga ya mallaki Faransanci, aka manta da Hausar da ya tashi da ita, alhali kuwa a wurare da dama hanyar da ta miƙe daga Hausa zuwa Ingilishi ta fi kusa bisa ga wadda ake sa shi ya zagaya.

2.0 Ɗalibin da ake magana a kansa

Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, kowace ɗaya daga gundumomin nan biyu ta haura mutum dubu 500. Mafi yawan jama'ar manoma ne Hausawa, tare da Fulani da Buzaye waɗanda su ma da Hausa suke cin kasuwa. Kudancin Tasawa, wajen Hawandawaki da Korgom, yana dab da iyakar jihar Katsina ta Nijeriya. Daga Kanambakashe da Sarkin Hausa da Urafan kuwa, da an gama aikin kaka sai samari su kama hanyar cin rani, da yawansu zuwa Katsina da Kano da Legas. Ke nan Ingilishi ba baƙo ba ne ƙwarai a kunnen yaron wannan yanki. Yana ganin sa a jikin takardar Naira, da kwalin magani, da buhun taki, yana kuma jin ɓurɓushinsa a bakin yayyensa da a finafinan Kano.

Wannan yaro yakan fara darasin Ingilishi a ajin farko na koleji, wato siziyam, bayan shekara shida na firamare. Zai yi shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC, sannan uku a lise kafin bakaloriya. Wanda ya so ya zurfafa sai ya nufi sashen Ingilishi na jami'a, kamar na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Abin lura shi ne, a lokacin da ya shiga siziyam, Faransancinsa na aji ne: yana iya karanta shi, yana iya haddace dokokinsa, amma ba da shi yake tunani ko gardama ko ba da labari ba. A kan wannan harshe da bai gama zama ba ake ɗora masa na uku.

3.0 Zaton da aka gina darasi a kansa

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gano wannan zato, domin a bangon littafi aka rubuta shi. Jerin littattafan da kamfanonin Armand Colin da Longman suka buga, wanda aka daɗe ana aiki da shi a ƙasashen da Faransa ta mulka, sunansa English for French-Speaking Africa, ma'ana Ingilishi domin Afirka mai magana da Faransanci. Daga baya an sami jerin English for the Sahel, wanda aka tsara domin kolejojin Nijar. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, domin ya nuna an yarda cewa ɗalibi yana da ƙasa da rayuwa tasa. To amma makarantar da littafin ya shiga ba ta sauya ba. Sunayen sassan jimla da ɗalibi ya sani na Faransanci ne, ƙamus ɗin da yake dubawa na Ingilishi zuwa Faransanci ne, malami kuma in bayani ya cije da Faransanci yake warwarewa.

Abin mamaki a nan shi ne, Hausa ta fi wadatar ƙamus ta ɓangaren Ingilishi bisa ga ɓangaren Faransanci. Akwai babban ƙamus na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Skinner na Turanci da Hausa na 1965, da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara a Kano aka buga a 1977, da ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990. Ɗalibin Mayahi da yake neman ma'anar wata kalmar Ingilishi yakan same ta da wata kalmar Faransanci wadda ita ma bai san ta ba, ga shi kuwa an yi shekara da shekaru da fassara ta zuwa harshen da ya sha a nono.

4.0 Nazarin harshe

4.1 Furuci

Yaron da da Faransanci kaɗai ya koyi karatu yakan ɗauko ƙa'idojin karanta Faransanci ya shimfiɗa su a kan rubutun Ingilishi. Ta haka yake zubar da sautukan da yake da su a bakinsa. Ga misalai huɗu.

(1) Faransanci ba ya furta h. Don haka ɗalibi yakan haɗiye ta a cikin "house" da "hat", ga shi kuwa kullum yana furta ta a "hannu" da "hula".

(2) A Faransanci ch tana ba da sautin sh. Sai ɗalibi ya karanta "chair" kamar "share", ya karanta "cheap" kamar "sheep". Sautin da ake bukata shi ne na farkon "ciki" da "cokali".

(3) Faransanci ba ya rarrabe kalmomi da tsawon wasali. Hausa tana yi: "gari" na zama da "gari" na tuwo, "dafa" abinci da "dafa" kafaɗa. Ko da yake bambancin "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", bai tsaya ga tsawo kaɗai ba, kunnen da ya saba da wannan rarrabewa ya riga ya yi rabin aiki.

(4) Tagwan wasali na "rai" da "sau" su ne kusan na "rye" da "now". Faransanci yana rubuta ai da au, amma e da o yake karanta su.

Akwai darasi a nan ga masu tsara yaƙi da jahilci. Tsohuwar ƙa'idar rubutu da aka bi a Nijar bayan taron Bamako na 1966 tana ninka dogon wasali, a rubuta "gaarii". Ƙa'idar da ta biyo bayan taron Yamai na 1980, wadda dokar 1999 ta ƙara tabbatarwa, ta daina ninkawa. Ba muna kira a koma baya ba ne. Sai dai malamin Ingilishi yana iya aron tsohuwar dabarar a kan allo na ɗan lokaci, don ya sa yara su ga abin da kunnensu yake ji. Haka kuma misali na (2) ba zai yi amfani ba sai ga yaron da ya san harafin c na Hausa. Ke nan iya rubutun Hausa sharaɗi ne na cin wannan riba.

4.2 Nahawu

A fagen nahawu abin ya fi fitowa fili. Mu duba mallaka:

(5) gidansa, gidanta; rigarsa, rigarta.

A Hausa, wakilin sunan da ke ƙarshe yana bin jinsin mai abu, kamar yadda "his" da "her" suke yi. A Faransanci kuwa "son" da "sa" jinsin abin da aka mallaka suke bi, shi ya sa "sa maison" take iya zama gidan Musa ko gidan Hadiza. Ɗalibin da aka ce masa "her" ita ce "sa" zai rubuta "her house" yana nufin gidan Musa. Da an ce masa "his house" shi ne gidansa, ko gidanshi kamar yadda ake faɗi a wannan yanki, da bai ɓata ba.

(6) a. Ali yana noman gero. b. Ali yakan noma gero.

Ingilishi yana rarrabe lokaci mai ci da lokaci na sabo: "Ali is growing millet" da "Ali grows millet". Faransanci da siga ɗaya yake faɗin duka biyun. Gaskiya ne daidaiton bai cika ba, domin Bahaushe yana iya cewa "kullum yana zuwa" da nufin sabo. Duk da haka yana da sigogi biyu da za a kafa masa bayani a kansu.

(7) Na gan shi. Na ba shi littafi.

Wakilin sunan karɓau yana bin bayan aikatau, daidai da "I saw him" da "I gave him a book". Faransanci gaban aikatau yake kai shi. Haka sifa: "farin doki" jerinsa ɗaya da "white horse", saɓanin "cheval blanc". Sannan bambancin "fita" da "fito", ko "shiga" da "shigo", shi ne na "go out" da "come out", ko "go in" da "come in", wanda "sortir" da "entrer" ba sa nunawa.

4.3 Kalmomin aro

Hausar wannan yanki ta ara daga ɓangarori biyu. Daga Faransanci ta sami lakwal, mushe, kumandan, zandarma, kamyo, buteli. Daga Ingilishi, ta hanyar kasuwanci da cin rani, ta sami mota, direba, taya, birki, tebur, bokiti, burodi, tela, kafinta, soja, fensir da makamantansu. Waɗannan kalmomi jari ne da yaro ya shigo aji da shi. Darasi ɗaya da za a jera "bokiti" kusa da "bucket", "direba" kusa da "driver", zai koya masa kalma, ya kuma nuna masa dokar da Hausa take bi in ta ari kalma, wato cusa wasali tsakanin baƙaƙe da ƙara wasali a ƙarshe. Wanda ya gane dokar zai iya warware ta da kansa. Dole dai a yi hattara da sauyin ma'ana: "likita" daga "doctor" ta fito, amma a Nijar ana kiran gidan magani kansa da wannan suna.

4.4 Inda Hausa take kawo cikas

Tarken da ya ɓoye wannan ɓangare bai yi adalci ba. Hausa ba ta rarrabe p da f, kuma a karin harshen Maraɗi da kewaye f takan koma h ko hw, a ce "tahi" da "hwara". Saboda haka "pull" da "full", ko "copy" da "coffee", sukan rikice. Cunkoson baƙaƙe irin na "street" yana wahalar da baki. Hausa ba ta da kwatankwacin "it", kowane abu shi ne ko ita. Tana da kai da ke da ku inda Ingilishi yake da "you" kaɗai. Kuma tun da ana cewa "Ali ya tafi", yaro yakan rubuta "Ali he went". Waɗannan kurakurai suna nan ko an ambaci Hausa a aji ko ba a ambata ba. Malamin da ya san tushensu yana iya gyara su da jimla ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya yi ta jan layi da jan biro har shekara ta ƙare.

5.0 Insha'i

In aka ce wa ɗalibin Tasawa ya rubuta insha'i da Ingilishi, aiki uku ake ɗora masa lokaci guda. Zai yi tunani da Hausa, ya juya zuwa Faransanci, sannan ya nemi kalmomin Ingilishi da suka yi kama da na Faransancin. A zango na biyu ake samun wasu kurakurai da ba na Hausa ba ne, ba kuma na Ingilishi ba. "Na halarci taro" takan bi ta "assister" ta fito "I assisted the meeting", wanda yake nufin ya taimaki taron. "Kantin littattafai" yakan bi ta "librairie" ya fito "library", wato ɗakin karatu. "A halin yanzu" takan bi ta "actuellement" ta fito "actually". Ba a musun cewa kamannin kalmomin Faransanci da na Ingilishi yana taimako, musamman a kalmomin kimiyya da mulki. Amma taimakon ga wanda ya ƙware a Faransanci yake zuwa, ɗan siziyam kuwa bai kai can ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Gwajin koyarwa da harsunan gida, wanda aka fara da Hausa a Damagaram a 1973, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba shi gindin zama, a firamare ya fi tsayawa, bai kuma game dukan makarantu ba. Sakamakon haka ɗalibai da yawa ba su taɓa rubuta sakin layi ɗaya da Hausa an gyara musu ba. Ke nan ana koya musu tsara tunani a rubuce, da sa aya da waƙafi, da raba sakin layi, cikin harsunan da ba su mallaka ba. In insha'i ya lalace, malami ba zai iya tantance ko harshe ne ya gaza ko tunani ba. Zuben Hausa na baka yana ɗinke aukuwa da aukuwa da "sai" da "kuma", abin da yake da daɗi a tatsuniya. In aka kwashe shi yadda yake zuwa Ingilishi, sai a sami jimla ɗaya mai layi goma da "then" a kowace gaɓa. Gyaran wannan a Hausa ya fi sauƙi, domin yaro yana jin inda numfashi yake tsayawa.

Matsala ta uku ita ce irin rubutun da ake nema. Tsarin insha'in Faransanci na lise, mai kawo ra'ayi da kishiyarsa sannan a sulhunta, ya bambanta da al'adar insha'in Ingilishi inda marubuci yakan faɗi matsayinsa tun farko ya bi shi da hujjoji. Ya kamata a gaya wa ɗalibi wannan a fili. Bugu da ƙari, tun da Ingilishi ya zama harshen aiki, dole wasiƙar hukuma, da rahoton taro, da takardar koke, da yarjejeniyar ciniki su sami wuri a manhaja. Waɗannan kuwa su ne irin rubuce-rubucen da azuzuwan yaƙi da jahilci suka daɗe suna koya wa manya da Hausa. Akwai gogewa a wannan fage da koleji bai taɓa nema ba.

6.0 Adabi

A koleji da lise, adabi yakan zo ne a matsayin ɗan guntun rubutu da tambayoyin fahimta a ƙarƙashinsa. A jami'a sai ɗalibi ya haɗu da adabin Ingila da na Amurka da na Afirka, a ce ya fitar da jigo da salo. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yaron ya taso cikin tatsuniya da kirari da karin magana da waƙar makaɗa, ya san zambo ya san habaici. Kuma kalmomin nazari suna nan da Hausa: tun 1973 Ɗalhatu Muhammad ya buga jerin kalmomin nazarin adabi a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano. Wanda ya fitar da jigon tatsuniyar Gizo da Hausa ya san abin da ake nema in aka tambaye shi jigon littafin Ingilishi.

Akan ɗauka cewa in an sa littafin ɗan Afirka an warware matsalar nisa. Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, babban littafi ne da ya kamata a karanta. Amma duniyar doya da dodannin Ibo tana bukatar bayani ga ɗan Mayahi kamar yadda kowace baƙuwar duniya take bukata. Akwai rubuce-rubuce iri uku da suka fi dacewa su zama matakin farko.

Na farko, abin da aka rubuta a kan ƙasar nan. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. A littafinsa Travels and Discoveries in North and Central Africa, mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 zuwa 1858, ya bayyana garin da kasuwarsa da marinarsa da yadda ake ƙidayar wuri. Ingilishinsa tsoho ne, sai an zaɓa an sauƙaƙa, amma ɗalibi yana da abin auna shi. Zai iya tambaya: me baƙon da ya yi ƴan kwanaki ya gani, me ya ɓuya masa? Abokin karatun Barth shi ne Dorugu, yaron Dambanas ta ƙasar Kance, maƙwabciyar Tasawa ta gabas, wanda ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Labarin da ya ba J. F. Schön da Hausa ya fito cikin Magana Hausa a 1885, fassararsa ta Ingilishi kuma ta fito a 1971 a aikin Kirk-Greene da Paul Newman. A nan Bahaushe ne yake kallon Turawa yana bayyana al'adunsu.

Na biyu, littattafan da suke da jiki biyu, Hausa da Ingilishi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi a 1967. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a 1911 zuwa 1913 Neil Skinner ya fassara su, juzu'in farko ya fito a 1969. Ta ɗaya ɓangaren, Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night na Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu a 1971, Bala Funtuwa kuma ya mayar da Animal Farm na Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Ajiye shafi kusa da shafi yana koyar da harshe da salo tare, domin ɗalibi zai ga inda mai fassara ya tsaya, da inda ya kauce, ya nemi dalili.

Na uku, littafin da tarihin yankin yake ba shi wata fuska. Heart of Darkness na Joseph Conrad ya fara fitowa a mujalla a 1899. A wannan shekarar ce rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta bi ta Lugu da Birnin Ƙonni. A ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu kuma suna Maijirgi cikin gundumar Tasawa. A laccarsa ta 1975 Achebe ya soki Conrad da cewa ya hana baƙar fata baki a littafinsa. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya haɗa littafin da labarin Voulet. Ɗalibin Maijirgi yana da abin da mai karatu a Landan ba shi da shi, wato abin da kakanni suka riƙe. In aka sa shi ya ɗauko labarin daga bakin dattawa, ya rubuta da Hausa, ya fassara zuwa Ingilishi, ya ajiye kusa da Conrad, to ya yi nazarin harshe da insha'i da adabi cikin aiki guda.

7.0 Hujjojin masu saɓani

Wasu za su ce hanyar zamani ita ce a yi magana da Ingilishi zalla a aji. Wannan hanya tana aiki inda aji yake ƙarami, sa'o'i suke da yawa, harshen kuma yake yawo a titi. A kolejin ƙauye kuwa malami ya riga yana fita daga Ingilishi in bayani ya gagara. Tambayar ita ce wane harshe zai fita zuwa gare shi.

Wasu za su ce ba kowane malami ne yake jin Hausa ba, ba kuma kowane ɗalibi ne Bahaushe ba. Wannan gaskiya ce, kuma a Tilaberi ko Diffa lissafin zai sauya. Shi ya sa aka keɓe magana ga waɗannan gundumomi biyu. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a fara daga harshen da ɗalibi ya fi ƙarfi a ciki, kowane ne.

Wasu kuma za su nuna arewacin Nijeriya, inda Hausawa suke koyon Ingilishi ba tare da Faransanci ba, amma kukan rauni bai ƙare ba. Wannan ya nuna cire Faransanci daga tsakani kaɗai ba magani ba ne. Cunkoson aji da ƙarancin littafi da horon malami suna nan. Abin da ake da'awa a nan ya fi haka ƙanƙanta: akwai wani kaso na kurakurai da wahala wanda zagayen ne yake haifar da shi, kuma ana iya kawar da shi da kuɗi kaɗan.

8.0 Kammalawa

Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. A littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya yi kira a ba harsunan Afirka wuri a makaranta. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne cewa kiran ya shafi ajin baƙon harshe kansa. Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, a rubuta ɗan littafin jagora na kwatanta Hausa da Ingilishi domin malaman koleji, a kuma sa wannan kwatanci ya zama wajibi a horonsu, da haɗin gwiwar sashen Ingilishi da sashen kimiyyar harshe na jami'a da cibiyar INDRAP. Na biyu, a tsara ƙaramin ƙamus na Ingilishi da Hausa bisa ƙa'idar rubutun Nijar, mai ɗauke da kalmomin da ake faɗi a nan. Na uku, a keɓe sa'a ɗaya a mako a siziyam domin rubutun Hausa da insha'i, a nemi taimakon malaman yaƙi da jahilci. Na huɗu, a haɗa littafin karatu mai harshe biyu daga rubuce-rubucen da aka ambata a sashe na 6.0.

Kafin duk wannan, akwai aikin da ya rataya a wuyan masu bincike. A tattara takardun insha'i daga wasu kolejoji na Tasawa da Mayahi, na gari da na ƙauye, a rarraba kurakuran gida uku: waɗanda suka fito daga Hausa, da waɗanda suka fito daga Faransanci, da waɗanda wuyar Ingilishi kanta ta haifar. Sannan a gwada jagoran a wasu azuzuwa na shekara guda, a bar wasu a kan tsohuwar hanya, a auna. Alƙaluman da za su fito daga wannan gwaji su ne za su tabbatar da abin da aka faɗa a nan ko su rage masa ƙarfi, kuma a kansu ya kamata a kafa sabuwar manhaja.